Majalisar dare ko tattakin asuba: wanne magidanci zai riƙe?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanena ya biyo ni gida, muka baje a soro. Shekararsa huɗu da aure, 'ya'ya biyu, yana tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari. Sai da muka ci muka wanke hannu sannan ya ce, "Yaya, ni fa kaina ya ɗau zafi. In na kwanta lissafi nake yi, in na tashi kamar an kwana ana dukana. Likita ya ce in riƙa fita tattaki da safe. Ni kuma in ban leƙa majalisa da daddare ba, ji nake kamar an kulle ni a kurkuku. Wanne zan riƙe?"

Na ce ya haɗa biyun mana. Ya kalle ni ya ce, "Yaya, kai ka taɓa haɗawa?"

Ya kama ni. Na gwada ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na tarar taura biyu ba ta taunuwa. Da majalisar dare da tattakin asuba duk daga aljihu ɗaya ake biyansu, wato barci. A Kano alfijir yana ketowa wajen ƙarfe 5 saura kwata a watan Yuni, wajen 5 da rabi a Janairu. Wanda ya bar majalisa 11 da rabi, ya shiga gida ya ci abinci ya ɗan taɓa waya, da ƙyar ya runtsa kafin 12 da rabi. In ya tashi sallar Asuba, awa huɗu da rabi ya samu, ko biyar in ya yi sa'a. Likitoci kuwa awa 7 suke cewa ita ce mafi ƙaranci ga baligi. Irin wannan mutumin ana sallame sallah gado zai koma, kuma babu mai ganin laifinsa. Maganar tattaki tun daren jiya ta mutu.

Magidancin Kano na yau, in ka cire kasuwa ko ofis, ka cire cunkoson hanya, kai yara makaranta, neman mai garuwa da cefane, abin da ya rage masa na kansa bai wuce awa ɗaya ko biyu a yini ba. Kayan da ke kansa kuwa ƙaruwa suka yi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin adaidaita sahu, kwanon masara, haya da kuɗin makaranta duk suka bi sahu. An mayar da mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 a ƙarshen 2024, amma mai cefane ya san ranar da wannan kuɗin yake ƙarewa. Tun a nan in faɗa: babu wanda zai biya maka haya tsakanin majalisa da tattaki. Abin da ake nema a wurinsu shi ne su gyara jiki da zuciyar da za su ɗauki kayan.

In damuwa ta taso, jiki yana sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugawa, jijiyoyin jini su tsuke, suga ya ƙaru a cikin jini. Wannan shiri ne na ɗan lokaci, irin na wanda kare ya biyo: ya sheƙa da gudu, ya faɗa wani soro, ya yi haki, jiki ya sauka. Shi kuwa wanda mai gidan haya yake bi, karensa ba ya komawa. Yana nan da safe, yana nan a kan filo. A hankali abin ya koma ciwon kai, rashin barci, saurin fushi da hawan jini. Saboda haka ma'aunin da zan ɗora su a kai ɗaya ne: wanne yake saukar da jiki, wanne kuma yake mantar da kai kawai zuwa gobe?

In fara da majalisa, don ita na fi sani, kuma ba na son a raina ta. Masu cewa zaman banza ce ba su taɓa shiga uku a unguwar da babu wanda ya san su ba. A kan wannan bencin, ko tabarma, ko dakalin ƙofar gidan wani dattijo, ake jin inda ake neman yaron shago, inda gidan haya ya fito, wane makanike ne ba ya ha'inci, wace makaranta ce ta ƙara kuɗi. Ranar da matarka ta haihu, 'yan majalisa ne za su zo raɗin suna tun da duku-duku. Ranar da aka kwantar da mahaifiyarka a asibiti aka ce a kawo jini leda biyu, su za ka kira. Ranar rasuwa su ne a maƙabarta, su ne a zaman makoki har sadakar uku. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda bai zauna da mutane ranar lafiya ba, kunya za ta hana shi kiransu ranar wuya.

Ga kuma dariya. Mutum ya wuni yana haɗiye maganar ubangidansa a kasuwa, ko ta oga a ofis, ya zo wurin da shi da kowa ɗaya ne, a tsokane shi ya rama, a yi musun ƙwallo, a tuno wautar da aka yi ana samari. Wannan ma magani ne, kuma masu bincike ba su musa ba. Akwai wani nazari da Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara tun 1938, tana bin rayuwar ɗaruruwan mutane daga samartaka har tsufa, kuma babban abin da ya fito shi ne kyawun dangantakar mutum da na kusa da shi yana cikin abubuwan da suka fi nuna yadda lafiyarsa da jin daɗinsa za su kasance a tsufa. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi a kan kaɗaici, yana kwatanta illar rashin cuɗanya da ta shan taba kara 15 a yini. Abin da suke kashe kuɗi suna nema a can, mu a ƙofar gida muke da shi kyauta.

To, kyauta ne kuwa? A nan lissafin yake juyawa.

Barci na riga na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne abin da ake sha a wurin. Shayi, musamman mai kauri irin na Buzaye, da goro, da lemon kwalba mai baƙi, duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma jiki yakan ɗauki kamar awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha. Kofin da ka kurɓa ƙarfe 10 na dare, rabinsa yana nan yana aiki ƙarfe 3. Sai mutum ya kwanta yana juyi, ya ce tunani ne ya hana shi barci, alhali tunanin da shayin ne suka haɗa kai. In daren gasar Zakarun Turai ne kuwa, wasan da ake takewa ƙarfe 9 agogon Najeriya a lokacin sanyi ba ya tashi sai wajen 11, sannan a fito daga gidan kallo a buɗe sabon shafin musu. Wanda majalisarsa take wata unguwa yana da ƙarin matsala, domin tun Yulin 2022 aka sa dokar hana adaidaita sahu zirga-zirga daga 10 na dare zuwa 6 na safe.

Sai kuɗi. Ba a jin fitarsu saboda da kaɗan-kaɗan suke tafiya: shayi da biredi, indomi da ƙwai, tsire in wani ya yi ciniki, gurasa in an ga mai gurasa. A ce naira 1,000 kawai kake kashewa a dare. A wata 30,000 ke nan, sama da kashi 40 cikin 100 na wancan mafi ƙarancin albashin. Mutumin da kuɗi ne tushen damuwarsa, yana zuwa wurin mantuwa yana ƙara wa ramin zurfi.

Amma abin da ya fi damuna da majalisa ba kuɗi ba ne. Na lura a can kowa yana kukan tsadar shinkafa, amma babu mai cewa an ba shi notis a gidan haya. Kowa yana zagin gwamnati, babu mai cewa wata uku ke nan shi da matarsa ba sa ga maciji. Damuwar gari ake bajewa, ta cikin rai kuwa a aljihu ake komawa da ita gida, saboda an san abin da aka faɗa gaban mutum goma, gobe yana bakin mai kanti. Ƙari a kan haka, wani zaman da kansa yake ɗora kaya. Ka zo da nauyin buhu ɗaya, ka ji wane ya sayi fili a Rijiyar Zaki, wane ya canja mota, wane zai ƙara aure, ka tashi da buhu biyu. In an shiga siyasa ko rigimar sarauta, sai ka ga jijiyar wuyan mutum ta tashi a kan mutanen da ba su san da zamansa a duniya ba. Wannan ba saukar da jiki ba ne, ƙara izawa ne. Zama da maɗaukin kanwa dai an san abin da yake kawowa.

Addini bai bar wannan ba. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai a kan zama a bakin hanya. Da suka ce ba su da makawa, wuraren hirarsu ne, sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Ka ga ba a rushe majalisa ba, sharaɗi aka gindaya mata. Kuma ya tabbata daga Abu Barza cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i da hira bayanta. Kowa ya auna majalisarsa da waɗannan biyun, ya san inda ta faɗo.

Akwai wani abu guda da na daɗe ina lura da shi, kuma shi ne ya warware min tambayar ƙanena. In ka miƙe za ka tafi, amininka yakan ce, "Bari in taka maka." Ku biyu ku bar taron, ku taka zuwa kan kwana, ku tsaya. A wannan minti goman ne ake faɗar gaskiya. A nan ake cewa, "Wallahi abokina jarin nan ya karye," ko "Yarona na fari ya fara bin 'yan shaye-shaye." Awa uku a kan benci, amma maganin yana cikin rakiyar. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu tattakin asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ka iya magana kana yi amma numfashinka ya ɗan ɗaga, ba tafiyar rangwaɗa ta zuwa ɗaurin aure ba. A rabin awa mutum yakan ci kilomita biyu da rabi ko kusa da uku. Amfaninta ga mai damuwa kai tsaye ne, domin wancan shirin gudu da jiki ya yi, tafiyar ce take ba shi mafita. Yawan yin ta yana rage hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa suga, kuma hasken safiya da ke shiga ido yana daidaita agogon jiki, ya sa barci ya zo da wuri da daddare. Wato tattaki yana biyan bashin barcin da ya ci, majalisa kuwa ba ta biya.

Tafiyar ba ta cin ko sisi. Takalmi mai laushi kawai take so, ko da na gwanjo ne daga Ƙofar Wambai. Kano kuma a wannan lokacin wani gari ne daban: babu hayaƙin adaidaita, babu hon, sai masu koko da ƙosai suna hura wuta, da 'yan makarantar allo suna karatu. A watan Afrilu da Mayu, da zafin rana ke kai maki 40 ko ya wuce, wannan ce kaɗai awar da mutum zai taka ƙasa bai jiƙe ba. Mai son fili yana da Filin Sukuwa a Nassarawa, na kusa da titin Jami'ar Bayero suna bin gefen ganuwa daga Ƙofar Na'isa zuwa Kabuga, masu ƙarfin gwiwa har Dala suke hawa. Amma ba dole sai an je ko'ina ba. Zagaye unguwa sau biyu ya wadatar, kuma abin da sai an hau mota an je a yi shi, ba ya kai wata guda.

Ga ɗan kasuwa akwai wani ƙarin. Addu'ar da Annabi (SAW) ya yi ta neman albarka ga al'ummarsa a cikin sammakonta, wanda ya ruwaito ta, Sakhr al-Ghamidi, ɗan kasuwa ne, kuma an ce da farkon yini yake tura hajarsa, har ya yi dukiya mai yawa. Ni abin da na gani a kaina bai kai nan ba, amma na ga wani abu. Lissafin da yake min kamar dutse ƙarfe 1 na dare, in ina tafiya da safe sai ya koma abu uku da zan yi yau: in kira wane, in biya wannan, in bar wancan sai mako mai zuwa. Bashin bai ragu ba, amma ya samu kai da gindi.

Aibin tafiyar asuba fa? Na farko tsaro. Ƙwacen waya a Kano ba labari ba ne, kuma lokacin da gari bai gama wayewa ba, titi babu mutane, lokacinsu ne. Mai fita ya bari haske ya fito, ya zauna a masallaci ya yi azkar ɗinsa tukuna, ya bar waya a gida, kada ya toshe kunnuwa da abin sauraro, ya bi hanyar da aka san shi. Na biyu yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga sanyi ga ƙurar hunturu, mai asma ko ciwon ƙirji sai ya sa takunkumi ko ya jinkirta zuwa hantsi. A Agusta kuma ruwa da taɓo da kwatocin da suka cika za su cinye maka kwanaki. Na uku bakin mutane, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Magidanci mai jallabiya yana zabga sauri da sassafe, sai ka ji, "Alhaji lafiya? Ko motar ce ta lalace?" Mako biyu ake yi ana tambaya, daga nan a saba. Na huɗu, ba ta da saurin biya. Majalisa a daren take ba ka daɗinta. Tattaki makon farko ciwon ƙafa kawai za ka samu da hamma a shago, sai an yi makonni kafin ka ji bambanci. Yawancin masu bari a nan suke bari.

Babban gibinta kuwa shi ne ba ta san kowa ba. Titi ba zai zo sunan ɗanka ba.

Kafin in yanke, akwai ɓarawo na uku da yake cin awar mutane da yawa ba tare da sun zaɓe shi ba: waya a kan gado. TikTok, Facebook, rukunonin WhatsApp na dangi da na 'yan aji. Tana cin barci kamar majalisa, tana kawo hange-hangen abin wasu fiye da majalisa, ga kuɗin data, kuma ba ta ba ka mutum ko ɗaya da zai ɗauki makararka. Wanda ya bar majalisa ya dawo gida ƙarfe 8 da rabi ya kwanta da waya har 12, gara ma ya koma benci.

To wa zai ɗauki wanne? Ya danganta da inda ɗakin yake yoyo.

Mai zaman shago a Kwari, Singa ko Sabon Gari, ma'aikacin ofis, tela, direban adaidaita, duk wanda yake wuni a zaune yana magana da mutane har bakinsa ya bushe, ba mutane ya rasa ba, motsi da shiru ya rasa. Wannan tattaki ne nasa, babu tantama. Haka wanda aka auna jininsa aka ga ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, ko mai ciwon suga, ko wanda tumbi ya fara rigan shi shiga ɗaki. Sai dai ya ji ta bakin likitansa, kuma tafiya ba ta maye gurbin maganin da aka rubuta masa. A kan wannan gaɓar, kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, awon kuma minti biyu ne a kemis.

Ɗan dako, birkila, lebura, mai tura kurar ruwa, wanda ya wuni yana aikin ƙarfi, ce masa ya fita tattaki rainin hankali ne. Shi barci yake buƙata, da ƙailula ta minti 20 ko 30 bayan Azahar in ya samu inuwa, da 'yar hira mai daɗi da yamma. Majalisa gajera ta fi masa.

Wanda ya tare a sabuwar unguwa, irin sababbin gine-ginen bayan gari da maƙwabci bai san maƙwabci ba, da wanda ya rasa aiki, da wanda ya yi ritaya, da wanda aka yi wa rasuwa ko aurensa ya mutu, waɗannan kaɗaici ne ciwonsu. Kada su bar majalisa. In ma ba su da ita su nema, su dai zaɓi wadda ake tashi daga cikinta da sauƙin zuciya. Gwajin mai sauƙi ne: ka lura da kanka dare bakwai a jere a kan hanyar komawa gida, ka fi sauƙi ko ka fi nauyi?

Shi kuwa mai ƙananan yara irin ƙanena, akwai wanda yake biyan kuɗin majalisarsa bai sani ba. Awa ukun da yake kan benci, wata tana ciki da yaro mai kuka, da wanke-wanke, da zafi in an ɗauke wuta, ita ma tun asuba take tsaye. Yaran ya fita suna shirin makaranta, ya dawo sun yi barci. Yawancin faɗan da ake yi a kan kuɗin cefane, in ka tona, ƙarƙashinsa akwai "ba ka zama a gida". Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Abu Darda'i fa ibada ce ta ɗauke masa hankali, ba musun ƙwallo ba. Mata kuma, in mun yi adalci, wannan zaɓin duka biyun bai cika zuwa hannunsu ba: safiya ita ce lokacin da aiki ya fi yi musu yawa, majalisarsu kuwa Islamiyya ce, da gidan biki da suna, da zubin adashe. Maigidan da ya dawo da wuri ya riƙe yara rabin awa, ko ya bar ta ta taka zuwa Islamiyya da ƙawarta, ya ba ta abin da shi yake fita nema.

Abin da na ce wa ƙanena shi ne ya ba safiya kwana biyar, majalisa kuma ya sauya mata lokaci maimakon ya kashe ta. Tsakanin Magariba da Isha'i akwai kamar awa ɗaya da kwata, in an cire sallah da nafila ana samun minti arba'in ko fiye. Dattawan cikin gari da yawa a nan suke tasu hirar a ƙofar masallaci, ana sallame Isha'i kowa ya kama gabansa. Wannan zaman yana da abin da na dare ba shi da shi, wato ladan ne yake tashinsa, ba sai ka nemi uzuri ba. Dogon zama kuma ya bar wa dare ɗaya ko biyu a mako, waɗanda washegarinsu ba ya sammakon fita, ya daina shan shayi mai kauri bayan La'asar, waya kuma ta kwana a falo.

Sannan na dawo masa da maganar rakiya. Na ce a cikin 'yan majalisar nan akwai mutum ɗaya da yake taka masa zuwa kwana. Shi zai ja su riƙa fita tare da safe. Mutum biyu sun fi tsaro, wanda ya san ana jiransa a ƙofar masallaci ba ya komawa gado, kuma maganar da ba ta faɗuwa gaban mutum goma tana fita da sauƙi in ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba a kallon idon juna.

Akwai inda duka biyun ba sa kaiwa, kuma na gaya masa wannan ma. In mutum ya yi mako biyu ko fiye kullum zuciya a cunkushe, abin da yake so da ya daina yi masa daɗi, ba ci ba barci, ko ya fara jin gara ma ya mutu, wannan ya wuce gajiya. Ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma zuwa asibiti ba ya cin karo da addu'a. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Hanyar da ba ta ɓullewa ita ce ta kwalba da ƙwaya. An hana maganin tari mai kodin a Najeriya tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi, Kano na cikin inda abin ya fi ƙamari, kuma da yawa daga waɗanda suka faɗa ciki da "bari in samu barci" suka fara.

Wata biyar ke nan da waccan Juma'ar. Kwana biyar ɗin bai taɓa cika su ba, uku yake yi, wani makon huɗu, shi da wani maƙwabcinsa malamin firamare. Da hunturu ya kankama sun yi kusan wata ba su fita ba, sannan suka dawo. Daren da ƙungiyarsa take wasa kuwa babu mai ganinsa a gida kafin 11, na kuma daina yi masa magana a kai. Maiɗakinsa ta gaya wa tawa cewa ya rage faɗa. Su kuma 'yan majalisa har yau ba su haƙura ba. Da an sallame Isha'i ya ɗauki takalminsa, sai an bi shi da "A gaida Hajiya, mijin-ta-ce!" Shi kuma ya ɗaga musu hannu ba tare da ya waiwayo ba.